Tashar Bayan Gari: Labarin Tashar Jirgin Kano, da Yadda Ya Shafi Mutanen Magama

Ran 9 ga watan Fabrairu, 2021, aka yi bikin soma aikin hanyar jirgin ƙasa wadda aka tsara za ta tashi daga Kano, ta bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina, ta iso Jibiya, sa'an nan ta ƙetare iyaka ta dire a Maraɗi. Tsawonta kilomita 284, ban da reshen da zai tafi Dutse. An ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal kwangilar, a kan kuɗi kusan dala miliyan dubu biyu. Ƙasar Jibiya ba ta taɓa ganin jirgin ƙasa ba, birnin Katsina ma haka. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in mutumin Magama, wanda ya ke zaune a bakin iyaka, ya tambaya ko mene ne tasha ta kan yi wa gari.

Wannan tambaya tana da amsa, kuma ba sai an tafi nesa ba. Shekara ɗari da 'yan kai ke nan da aka kafa wata tasha a fili, bayan ganuwar Kano. Wanda ya san abin da ya auku a wurin nan daga farko har zuwa lokacin da jirage suka yi ƙaranci, ya san rabin abin da zai auku a kowace tasha.

Yadda jirgi ya iso Kano

Turawa sun fara shimfiɗa dogo daga Ikko, watau Legas, a ƙarshen ƙarni na 19, ya kai Ibadan a 1901. A lokacin nan Kudu da Arewa kowace da gwamnatinta, da baitulmalinta. Gwamnatin Arewa ba ta so ta zauna jiran dogon Ikko ba, sai ta ƙudura ta yi nata daga Baro, wani ƙauye a bakin Kwara inda jiragen ruwa su ke iya zuwa da damina. Aka kawo Sir Percy Girouard ya zama Gwamna a 1907. Shi mutumin Kanada ne, injiniyan soja, wanda ya riga ya yi suna wajen shimfiɗa dogo a hamadar Sudan. A shekarar nan aka fara aiki.

Tsakanin Baro da Kano mil 350 ne da 'yan kai. Babu injin haƙa, babu motar ɗaukar ƙasa. Da diga da shebur da kwando aka yi aikin, kuma yawancin lebura ba da son ransu suka zo ba. Gwamnati ta kan faɗa wa Sarki yawan mutanen da ta ke bukata, Sarki ya raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai. Ana biyansu lada, amma manomi da aka ɗebe shi daga gonarsa bai ga daɗin ladan ba. Wannan yana cikin labarin tasha, bai kamata a tsallake shi ba.

Dogo ya shiga Kano a watan Maris na 1911, zamanin Sarkin Kano Abbas, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Kafin nan dogon Ikko ya riga ya ƙetaro Kwara ta Jabba, ya haɗu da na Baro a Minna, aka gama su suka zama reluwe guda. Tun da ya ke Baro ba ta da ruwa mai zurfi sai 'yan watanni a shekara, nan da nan hanyar Ikko ta ƙwace ciniki. Garin da aka fara aikin dominsa shi ya fara mutuwa.

Abin da ya sa aka ajiye ta a waje

Ba a shigar da jirgi cikin birni ba. An ajiye tasha gabas da ganuwa, tsakanin birni da barikin Turawa na Nasarawa. Dalili a fili ya ke. Tasha tana son fili mai faɗi kuma shimfiɗaɗɗe, domin ban da inda fasinja za su tsaya, akwai layukan juya taragu, da sito, da wurin shan ruwan injin, da gidajen ma'aikata. Cikin birni kuwa gida ne a jikin gida, ga kududdufai, ga maƙabartu. Bayan wannan, Gwamnati ta yi nufin ta raba baƙi da mutanen birni, kowa da unguwarsa.

Wanda ya ga wurin a 1911 zai ce an jefar da tashar a daji. Kasuwar Kurmi ita ce cibiyar ciniki tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, can fatake su ke sauka, can fatoma da dillali su ke. Amma kaya mai nauyi ba ya son nisa da inda za a loda shi. Sai aka yanka wa kamfanonin Turawa filaye a gefen tasha, irin su Kamfanin Neja da John Holt, suka gina kantuna da sito, suka kafa sikeli. Kwarori suka zauna a Fagge ta Kudu, wurin da har yau a ke kira Kantin Kwari. Wajen 1913 aka yanka Sabon Gari domin akawuna da makanikai da sauran ma'aikatan da jirgi ya kawo daga Kudu da Saliyo da ƙasar Gwanja. Fagge kanta, wadda dā zangon Buzaye ne da raƙumansu, ta cika ta batse. Kafin a yi shekara ashirin, filin nan da aka raina ya zama gari na biyu, ana ce masa Waje.

Birni bai mutu ba, Kurmi ba ta watse ba. Amma babban kuɗi ya fita ƙofa. Ayarin Larabawa da ya kan yi watanni daga Tarabulus ta Gadamas bai iya gasa da tarago wanda ya ke kawo irin kayan nan daga bakin teku cikin 'yan kwanaki ba, sai cinikin hamada ya dusashe.

Auduga aka nufa, gyaɗa ta zo

A nan akwai abin lura. Waɗanda suka nemi a yi dogon nan a Ingila, auduga su ke so, domin masaƙun Lankasha. Kamfanin B.C.G.A. ya kafa injin gurzar auduga a Zariya, ana jiran manoman Kano su cika taragu. Manoma kuwa suka yi nasu lissafi. Masaƙan gida suna sayen auduga da tsada fiye da yadda Bature zai saya. Gyaɗa kuma tana son jigawar Kano, ba ta cin aiki kamar auduga, tana gyara ƙasa, harawarta abincin dabbobi ce, in kuma shekara ta ɓaci a ci ta a gida. Daidai lokacin nan masana'antun Turai suka gano yadda za su daskarar da man gyaɗa su yi man shafa wa burodi da sabulu, sai kuɗinta ya hau.

A 1912 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ba ta kai tan 3,000 ba. A 1913 ta tasam ma tan 20,000. Tashar da aka gina ba ta shirya wa wannan ba, buhuna suka yi ta taruwa a fili.

Ba Turawan kanti suka shiga ƙauye suka tattaro ta ba. Fataken goro ne na Kano, waɗanda suka saba da bashi da amana da yaran gida tun zamanin tafiya Gwanja, suka juya hanyoyinsu suka koma awon gyaɗa. Cikinsu akwai Umaru Sharubutu Ƙoƙi da Maikano Agogo, da Alhassan Ɗantata wanda ya fi su shahara, ya rasu a 1955 yana cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Watau jirgi bai ƙirƙiro 'yan kasuwa ba. Ya tarad da su a shirye, su kuwa suka riga kowa gane abin da zai yi amfani.

Dalar gyaɗa da a ke alfahari da hotonta tana da fuska biyu. Ana jera buhu wajen 15,000 a dala guda, a rufe da tamfol. Alamar albarka ce, gaskiya. Amma kuma alama ce ta cewa jirgi ya kasa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu injuna sun tsufa, taragu sun yi kaɗan, hanya kuwa guda ɗaya ce tal mai tsawon mil 700 zuwa teku. Gyaɗar bana ta kan tarad da ta bara ba a kwashe ba, ƙwari suna ci. Da a ce jirgi yana kwashewa a kan kari, da dala ba ta yi tsawo haka ba.

Rabon ƙasar Katsina

Dogo bai bi ta birnin Katsina ba. Reshen da aka ja daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Wani reshen ya tashi daga Kano ya kai Nguru a 1930. Funtuwa, wadda ba a lissafa ta cikin manyan garuruwa a dā, ta sami tasha da injin auduga da kantuna, baƙi suka yi ta zuwa, har ta zama gari na biyu a ƙasar Katsina. Birnin Dikko kuwa, da tarihinsa da malamansa da kwalejinsa, ya zama mai aika kaya Kano a bayan raƙumi da jaki, daga baya a mota.

Arewacin lardin, wajen Jibiya, ya zama hanya ce kawai. Tun 1906 zuwa 1908 wakilan Ingila da na Faransa suka bi daji suna kafa alamun iyaka, suka raba Katsina da Maraɗi, ko da ya ke mutanen wuri guda ne, gama sarakunan Haɓe na Katsina su suka zauna Maraɗi bayan jihadi. Iyaka ta raba haraji da tuta, amma ba ta raba ciniki ba. Ƙasar Faransa ta Nijar ba ta da dogo ko taƙi, teku kuwa tana nesa. Tashar da ta fi kusa da manomin Maraɗi ita ce ta Kano. Saboda haka gyaɗar Maraɗi ta riƙa biyowa ta Ɗan Isa da Magama da Jibiya da Katsina, a sauke ta a Kano, jirgin Ingilishi ya kai ta Ikko, sa'an nan jirgin ruwa ya kai ta Faransa.

Faransawa ba su ji daɗin wannan ba. A 1953 suka ƙago wani shiri da suka sa wa sunan tsattsewa, tsuntsuwar nan mai kai da kawowa. Motoci su ɗauki gyaɗa daga Nijar su kai Paraku a ƙasar Dahomai, jirginsu ya kai ta Kwatano, motocin kuma su komo da kayan kanti. Hanyar ta fi tsawo, sai da Gwamnati ta riƙa cika kuɗin mota. Wannan ya nuna ƙarfin tasha: tana iya jan kaya daga ƙasar da ba tata ba, har sai an kashe kuɗi kafin a karkatar da su.

A duk shekarun nan abin da mutumin bakin iyaka ya samu shi ne ɗan abin da ya faɗo daga mota: dako, da sayar da abinci, da masauki, da canjin kuɗi. Awo da sito da babban ciniki suna can inda tasha ta ke.

Da jirage suka yi ƙaranci

A 1955 aka mai da reluwe hukuma mai zaman kanta. A 1964 dogo ya kai Maiduguri, kuma a shekarar nan jiragen Nijeriya sun ɗauki fasinja fiye da miliyan 11, da kaya kusan tan miliyan 3. Bayan shekara goma fasinja ba su kai miliyan 5 ba, kaya kuwa sun komo wajen tan miliyan 1. Abubuwa da yawa suka taru. Farin 1972 zuwa 1974 ya karya manoma, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage. Kuɗin man fetur ya sa Gwamnati ta mai da hankali ga kwalta, tirela ta riƙa kai kaya har ƙofar sito ba tare da jiran tarago ba. Dogon kuwa yana nan yadda aka shimfiɗa shi tun 1911, ƙunƙuntacce, mai yawan kwana, ba ya barin jirgi ya yi gudu. An ɗauko gwanaye daga Indiya a 1979 suka riƙe hukumar 'yan shekaru, abin ya ɗan farfaɗo, suna tafiya ya koma. Sai a watan Disamba na 2012 aka sake jin jirgin fasinja ya tashi daga Ikko zuwa Kano bayan gyara.

Abin da ya kamata a duba shi ne, Kano ta Waje ba ta bi jirgi ta mutu ba. Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari sun fi dā girma, domin sun riga sun yi saiwa, mota ta ci gaba da ciyar da su. Ƙananan tashoshi na kan hanya, waɗanda ba su da komai sai tsayawar jirgi, su ne suka koma kufai, masu tallan da su ke rayuwa da fasinja suka watse.

Tasha a ƙasa, tasha a sama

Akwai wata wahala da ta kan biyo bayan nasara. Tashar da aka ajiye a fili, in gari ya kewaye ta, sai dogo ya zama shinge a tsakiyar gari. Haka ya faru a Kano: tituna suna ƙetare dogo, 'yan kasuwa suna baza kaya har kan ƙarfe, gidaje sun matso. Jirgi kuwa ba ya kaucewa, kuma ba ya tsayawa nan take kamar mota.

Manyan biranen duniya sun gamu da wannan tun tuni, wasu suka haƙa ƙasa suka sa jirgi a ciki, wasu suka ɗaga shi bisa ginshiƙai, fasinja su hau matakala su tarad da tasha a sama, motoci da mutane suna wucewa ta ƙarƙashi. Libaful ta Ingila, ɗaya daga cikin garuruwan da kayan Afirka ta Yamma su ke sauka, ta buɗe irin wannan a bakin tashar jiragen ruwanta a 1893, mai aiki da lantarki. Ƙarfen ya yi tsatsa, kuɗin gyara ya gagara, aka rufe shi a ƙarshen 1956, aka rushe. Alhazai da yawa sun hau irinsa da ƙafarsu: jirgin Masha'ir da aka buɗe a 2010, mai tsawon kilomita 18, da tasha uku a Mina, uku a Muzdalifa, uku a Arfa, wanda ba ya aiki sai kwanakin Hajji. A Nijeriya ma, jirgin cikin gari na Ikko da ya fara ɗaukar fasinja a watan Satumba na 2023 ya tashi ne daga tashar Marina, wadda ta ke bisa ginshiƙai a bakin ruwa.

Irin wannan gini yana da tsada ƙwarai, ba a yinsa sai inda fili ya ƙare. Garin da har yanzu ya ke da fili a gefen dogo yana da abin da Ikko ta rasa. In an bar wa dogo haraminsa, aka shata hanyar shanu da ta mutane tun kafin gine-gine su taso, ba za a bukaci ginshiƙi ba.

Abin da ya rage ga bakin iyaka

Misali na kusa shi ne Rigasa, yamma da Kaduna. Can aka ajiye tashar sabon jirgin Abuja da aka buɗe a watan Yuli na 2016, nesa da tsakiyar gari, kamar yadda aka yi a Kano a 1911. Nan da nan masu tasi da Keke Napep da masu abinci suka taru, aka gyara titi, filaye suka yi tsada. Da 'yan bindiga suka tare jirgin ran 28 ga Maris, 2022, aka dakatar da shi har watan Disamba, duk waɗannan mutane suka zauna ba ciniki. Ƙasar Jibiya ta san wannan masifa fiye da yadda za a gaya mata. A ƙetare kuma akwai dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, aka yi bikinsa a 2016, amma bai zama hanyar fasinja da kaya ba. Ginin tasha dabam, zuwan jirgi dabam.

Tashar bakin iyaka tana da wani sharaɗi wanda ta Kano ba ta da shi, watau buɗewar iyakar kanta. An rufe iyakokin Nijeriya na tudu a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai watan Afrilu na 2022. Aka sake rufewa a watan Agusta na 2023 bayan juyin mulkin Nijar, Nijeriya ta buɗe nata gefen a watan Maris na 2024. Mota tana iya sauya hanya, mai babur ya bi ta daji, amma jirgi ba shi da wata hanya sai wadda aka shimfiɗa masa.

Sa'an nan akwai ruwa. Gulbin da ya wuce ta Jibiya shi ne ya gangara Maraɗi. Shi ya ci tsohon garin Maraɗi a 1945 har aka mai da gari kan tudu, ambaliya kuma ta yi ɓarna mai yawa a Jibiya a watan Yuli na 2018, da hasarar rayuka. Dogo bisa tudun ƙasa a ke ɗora shi, tudun nan kuwa madatsa ne in ba a bar wa ruwa ƙofofi isassu ba. Wanda zai sayi fili kusa da tasha ya fara tambayar tsofaffi inda ruwa ya ke bi, kuma ya nemi takardar fili ta hukuma, gama wurin da dogo ya bi da abin da ke gefensa na Gwamnati ne.

Game da faɗin dogo, tsohon da ya iso Kano a 1911 ƙafa 3 ne da inci 6 tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Sabon na Maraɗi ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi, irin na Abuja zuwa Kaduna. Taragon ɗaya ba ya hawa ɗayan. Saboda haka buhun wake da aka loda a Jibiya ba zai wuce Kano a cikin taragonsa ba sai ta sabon dogon Kaduna zuwa Kano, wanda aka soma aikinsa a watan Yuli na 2021, kuma ba zai kai teku ba sai an haɗa Abuja da Ibadan, inda sabon dogon Ikko ya tsaya a shekarar nan. Kafin a haɗa su, kayan da za su Kudu sai an sauke su a Kano, a sake lodi a tsohon jirgi ko a mota.